KA KOYI ASKI DA ASKA

1. Wanda aka rubuta dominsa

Ya kai mai karatu, wannan ɗan littafi an rubuta shi ne domin mutumin da ya sayi aska, ya ce zai riƙa gyara fuskarsa da hannunsa. Watakila kai ne. Watakila ma ka riga ka gwada sau biyu ko uku, ka tashi da jini a haɓa, fuska tana raɗaɗi kamar an shafa mata barkono, har ka ce aska ba taka ba ce, ta wanzamai ce. To, kada ka jefar da ita tukuna. Ka karanta abin da ke ciki sannu a hankali, sa'an nan ka sāke gwadawa.

Magana ɗaya mu ke so ka riƙe tun daga farko. Aska ita ke yin aski, hannu ja-gora ne kawai. Yawancin yankan da sabon shiga ke yi wa kansa daga abu uku ya ke fitowa: ko askar ba ta da kaifi, ko gashin bai jiƙu ba, ko kuwa hannu ya danna. In ka gyara waɗannan uku, sauran aikin sabo ne, sabo kuwa kwanaki ke kawo shi.

2. Aska iri nawa ce?

A ƙasar Hausa, aska kayan wanzami ce. Maƙeri ke ƙera ta, wanzami ya wasa ta, ya ajiye cikin zabira tare da ƙaho da sauran kayan aikinsa. Da ita ya ke aske kan manya, da ita ya ke yi wa jariri askin suna ran kwana bakwai. Ka lura, ɗan wanzami ba ya fara sana'a da aske gemun mutane. Ya kan daɗe yana ɗaukar zabira, yana jiƙa kai, yana kallon hannun ubansa, kafin a miƙa masa aska. Kai da ba ka da wanda za ka kalla, sai ka bi wannan tsari da kanka, watau ka fara da mai sauƙi.

Akwai kuma askar Turai, mai naɗewa ta shige cikin ƙotarta. Garin Sheffield na Ingila ya yi suna da ƙera ta, haka kuma Solingen a Jamus da Thiers a Faransa. A shekarar 1769 wani maƙerin wuƙaƙe na birnin Paris, mai suna Jean-Jacques Perret, ya buga littafi don koya wa mutum yadda zai yi wa kansa aski. Ka ga ashe wahalar da ka ke sha ba yau aka fara ta ba. A 1904 kuma wani mutumin Amurka, King Camp Gillette, ya sami takardar mallakar wata ƙira tasa, watau abin aski mai ɗaukar reza wadda a ke yarwa in ta dakushe. Daga nan mutane da yawa suka bar aska, don reza ta fi ta sauƙin koyo. Amma aska ba ta mutu ba, gama guda ɗaya, in an kula da ita, ta kan yi wa mutum aiki iyakar ransa.

Iri na uku ita ce wadda ka ke gani a shagunan aski. Siffarta ta askar Turai ce, amma rabin reza a ke maƙala mata. Ba ta bukatar wasawa, sai dai bakinta ya fi saurin yanka fata. Abin da za mu faɗa game da riƙo da jan hannu ya shafi dukan ukun.

In za ka sayi mai naɗewa, nemi wadda faɗinta ya kai kashi 5 cikin 8 na inci, wadda kuma kanta ya ke a zagaye. Mai kai da tsini ta gwanaye ce. Ita ce ke soke kunne da gefen hanci.

3. Kaifi

Mutane su kan ce aska mai kaifi ita ce abin tsoro. Ba haka ba ne. Dakusasshiya ta fi ta haɗari, domin in ta ƙi cin gashi sai ka danna, in ka danna kuwa sai ta ci nama.

Ga yadda za ka gwada kaifinta. Jiƙa gashin damtsenka, ka ɗora ta a hankali, ka ja kaɗan. In gashi ya zube ba tare da ka ji ana fizgarsa ba, ta yi. In ta tsallake shi, ko ta ja shi da zafi, ba ta isa hawa fuska ba. Kada ka gwada ta a kan takarda ko itace. Bakin aska ya fi na wuƙa siranta nesa ba kusa ba, abu kaɗan ke lanƙwasa shi. Ko sabuwa ce fil, gwada ta, don ba kowace ke fitowa daga masana'anta da kaifin aski ba.

Za ka yi mamaki in ka ji cewa gashi, duk taushinsa, yana yi wa ƙarfe giɓi. A shekarar 2020 masana na wata babbar makarantar fasaha a Amurka, mai suna MIT, suka duba bakin reza da na'urar ƙara girman abu. Suka tarar cewa in gashi ya lanƙwashe sa'ad da a ke yanka shi, ya kan ɓantare ɗan ƙarfe daga bakin, ko da ya ke ƙarfen ya fi gashin tauri kamar sau 50. Saboda haka aska tana bukatar gyara iri biyu, ɗaya na kullum, ɗaya na lokaci-lokaci.

Gyaran kullum a kan fata a ke yinsa. Nemi fata mai santsi, doguwa, faɗinta kamar yatsa uku. Ɗaure bakinta guda a jikin ƙusa ko ƙofa, ka ja ɗaya bakin ta miƙe sosai. Kwantar da aska a kanta, baya da baki duka suna taɓa fatar. Sai ka ja ta, bayan askar yana gaba, kaifin yana biye. In ka kai ƙarshe, juya ta ta kan bayanta, kada ta kan kaifin, sa'an nan ka komo. Yi haka kamar sau 30 kafin ko wane aski. Kada ka yi sauri don ka ga wanzami yana yi. Wanda ya bar fata ta yi sako-sako, ko ya ɗaga bayan askar, shi da hannunsa ya ke kashe kaifin da ya ke nema.

Gyaran lokaci-lokaci kuwa a kan dutse a ke yinsa, sa'ad da fata ta daina maido da kaifi. Wannan ya kan zo bayan wata biyu ko uku, ko fiye. A kan dutse kaifin ne ke gaba, askar tana kwance, dutsen yana jiƙe. Duwatsun kanti suna da lamba: mai 1000 shi ke fid da baki, mai 4000 ya gyara, mai 8000 ya goge. Amma shawararmu ita ce, a farkon koyonka ka kai ta ga wanda ya iya. Kada ka haɗa koyon wasa aska da koyon aski a wata guda, don in abu ya ɓaci ba za ka san inda laifin ya ke ba.

4. Jiƙa gashi

Busasshen gashin gemu yana da tauri ƙwarai. In ya sha ruwa sai ya kumbura, ya yi laushi, aska ta yanke shi ba wahala. Amma ba ya shan ruwa nan take, sai ya sami minti biyu ko uku. Don haka lokacin da ya fi kyau ga aski shi ne bayan wanka. In ba ka yi wanka ba, wanke fuska da ruwan ɗumi da sabulu, sa'an nan ka tsoma tawul cikin ruwan ɗumi, ka rufe fuska da shi har minti uku.

Daga nan sai kumfa. Amfaninta biyu ne: tana riƙe ruwa a jikin gashi, tana kuma sa aska ta zame a kan fata. Kumfar da a ke so ita ce mai ruwa-ruwa, mai santsi kamar kindirmo. Wadda ta tashi fuu kamar auduga iska ce kawai, ba ta da amfani. Mai koyo ya kan daɗe yana aski, har kumfar ta bushe a fuskarsa. Saboda haka kada ka shafe fuska duka gaba ɗaya. Shafa wa inda za ka aske yanzu, in ka gama ka shafa wa na gaba. Da damina abin da sauƙi, amma da hunturu kumfa ba ta jimawa, sai ka riƙa ƙara mata ruwa. Kada aska ta taɓa wurin da ba kumfa.

5. Riƙon aska

Buɗe askar har ƙotarta ta wuce ta miƙe sama. Ɗora yatsu uku a bayan wuyan ƙarfen, watau manuni da na tsakiya da mai bi masa. Babban yatsa ya tallafe daga ƙasa. Ƙaramin yatsa ya hau kan 'yar wutsiyar ƙarfen, ƙotar kuwa ta fito tsakaninsa da maƙwabcinsa. Riƙe ta kamar yadda ka ke riƙe alƙalami, ba kamar yadda mahauci ke riƙe wuƙa ba.

Yanzu sai karkatar aska, wadda ita ce cibiyar aikin. Kwantar da askar a kuncinka, baya da baki duka suna taɓa fata. Sa'an nan ka ɗaga bayan kaɗan, kamar kaurinsa sau biyu. Masu lissafi su kan ce kada ya wuce digiri 30. In ka kwantar da ita da yawa, sai ta bi ta kan gashi ba ta ci ba. In ka tsai da ita da yawa, sai ta kankare fata kamar mai kankare ƙanzo a tukunya, nan ne raɗaɗi da yanka ke fitowa. Kunnenka ma zai taimake ka. In karkatar ta yi daidai, za ka ji ɗan ƙara, ƙaras-ƙaras, gashi yana yankewa.

Ga doka wadda ba a karya ta. Aska gaba ta ke tafiya, watau inda kaifinta ya fuskanta. Kada ka taɓa jan ta a tsawon bakinta, kamar mai yanka nama. Ja kaɗan irin wannan ya isa ya tsaga fata. Kada kuma ka ɗora ta a fuska ka tsaya kana tunani. Yi tunaninka tukuna, sa'an nan ta sauka tana tafiya, ta tashi tana tafiya. Ja gajere-gajere, kamar inci ɗaya, ya fi dogon ja.

Ɗaya hannun kuma ba zaman banza ya ke yi ba. Shi ke miƙar da fata, don aska ba ta son wuri mai tattara. Sa yatsunsa a bayan askar, inda ta riga ta wuce, kada a gabanta. In kumfa ta sa yatsu suna zamewa, goga su a jikin alif mai ɗan ruwa, sai su kama.

6. Kwanciyar gashi

Gashin fuska ba gefe guda ya ke kwanciya ba. Bar shi ya yi kwana biyu, sa'an nan ka shafa da yatsa. Inda ka ji santsi, nan ya kwanta. Inda ka ji kaushi, ka saɓa masa. A kunci galibi ƙasa ya ke yi. A wuya kuwa ya kan karkata gefe, ko ya juya sama, wani wurin ma ya yi gewaye. Ko wane mutum da nasa. Ka san naka kamar yadda manomi ya san gangaren gonarsa.

Askin farko, bi kwanciyar gashi. In kana son ƙari, sāke shafa kumfa, ka gitta masa. Aski na uku, na saɓa wa gashi, shi ke sa fuska ta yi sumul, amma a nan akwai abin lura. Gashin yawancinmu mutanen Afirka murɗaɗɗe ne. In aka yanke shi ƙasa-ƙasa ƙwarai, bakinsa ya kan yi tsini, in ya tsiro sai ya lanƙwasa ya soki fata, ko ya kasa fitowa daga cikinta. Wannan ne ke kawo ƙurajen aski a wuya da ƙarƙashin haɓa, masu barin baƙin tabo, wani lokaci har tabon ya kumbura ya yi tudu. In kai mai irin waɗannan ƙuraje ne, bar saɓa wa gashi sam. Kada kuma ka ja fata da ƙarfi, miƙar da ita kawai ta daidaita. Gara fuska mai ɗan kaushi da fuska mai ƙuraje.

7. Koyo kaɗan-kaɗan

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ce ran farko zai aske fuska duka. Sannu ba ta hana zuwa. Ga tsarin da za ka bi.

Kafin ka fara, shafa kumfa, ka kwashe ta da ƙotar cokali, kana riƙe da ita kamar aska. Yi haka sau biyu ko uku, don hannu ya saba da madubi, gama madubi yana juya dama ta koma hagu.

Mako na fari, aske kunci ɗaya kaɗai, na gefen hannun da ka fi iyawa da shi, daga saje zuwa muƙamuƙi. Sauran ka ƙarasa da abin da ka saba.

Mako na biyu, ƙara ɗaya kuncin. Waɗansu su kan sauya hannu, waɗansu su kan ƙetara da hannu guda. Gwada duka, ka riƙe wanda ya fi ba ka ganin bakin askar a madubi.

Mako na uku, sauka zuwa wuya. Mako na huɗu, sai haɓa da leɓe. In wani mataki ya ba ka wuya, zauna a kansa, ba wanda ke korarka. Mai ajiye gemu kuwa, wanda gyaran fuska kaɗai ya ke so, aikinsa ya tsaya a kunci da wuya, sai ya mai da hankali ga daidaita iyakar gemun dama da hagu.

Zaɓi lokacin da ba ka gaggawa. Rufe ƙofa, kada yaro ya bangaje ka. In aska ta suɓuce daga hannunka, ja da baya ka bar ta ta faɗi, kada ka cafe.

8. Wurare masu wuya

Muƙamuƙi ƙashi ne mai kusurwa. Kada ka bi da aska ta kansa. Ja fatar kunci sama, sai fatar da ke kan ƙashin ta hau wuri mai faɗi, ka aske ta a nan.

Zakaran wuya ma haka. Ja fatar da ke kansa zuwa gefe, ka aske, ka sake ta, sa'an nan ka ja ta ɗaya gefen.

Haɓa tana da gashi mai kauri, ga ta kuma a zagaye. Bar ta sai ƙarshe don ta ƙara jiƙa. Yi amfani da tsakiyar askar, kana juya hannu kaɗan-kaɗan yadda haɓar ta juya.

A leɓen sama, ɗaga hanci da yatsa, ka ja leɓe ya rufe haƙora. A leɓen ƙasa, tura harshe daga ciki. In kana da tawadar Allah mai tudu, ko ƙurji, ko tsohon tabo, ɗora yatsa a kai ka kewaye shi.

Askin kai kuwa, bar wa wanzami. Ba a aske ƙeya da aska a madubi.

9. In ka yanke

Za ka yanke, kowa ma ya yanke. Ƙaramin yanka, wanke shi da ruwan sanyi, ka ɗora alif, zai yi zafi kaɗan sa'an nan jinin ya tsaya. Wanda ya fi haka, danna shi da tsumma mai tsabta har minti goma, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙe. In bai tsaya ba, ko bakin yankan ya buɗe, tafi asibiti. Kada ka zuba toka ko ƙasa. Bayan haka ka tambayi kanka, wanne ne cikin ukun nan ya jawo: kaifi, ko jiƙa, ko dannawa? Wanda ke yi wa kansa wannan tambaya shi ke gwanancewa.

In ka gama aski, ɗauraye fuska da ruwan sanyi, ka shafa ɗan man kaɗanya ko wani mai marar ƙamshi.

10. Aska ɗaya, mutum ɗaya

Wannan babi ya fi sauran nauyi. Akwai cututtukan da ke bin jini, aska kuwa tana ɗaukar jini ko ido bai gani ba. Babba cikinsu shi ne ciwon hanta mai lamba B. Ƙwayarsa tana iya rayuwa a busasshen jini har kwana 7 ko fiye. Mutum ya kan yi shekaru da ita bai sani ba, tana cin hantarsa a ɓoye. Akwai kuma ciwon hanta mai lamba C, da ƙanjamau wanda likitoci suka fara ganewa a 1981, ko da ya ke ƙwayarsa ba ta jimawa a waje kamar ta hanta. Goge aska da tsumma, ko ɗauraye ta da ruwa, ba ya kashe waɗannan ƙwayoyi.

Saboda haka kada ka ara, kada ka ba da aro, ko ga ɗan'uwanka uwa ɗaya uba ɗaya. In ka je wurin mai aski, tafi da taka, ko ka ga an ɓare sabuwar reza a gabanka. Ba rashin kunya ba ne ka tambaya. Ciwon hanta mai lamba B yana da allurar riga-kafi, ka tambaya a asibiti, kai da iyalinka. Hausawa sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

11. Ajiyar aska

Babban magabcin aska shi ne tsatsa. Ɗauraye ta, ka goge ta daga baya zuwa baki, kada ka bi tsawon kaifin da tsumma. Bar ta a buɗe ta sha iska, sa'an nan ka naɗe ta a hankali, kada bakin ya bugi ƙota. In za ta kwana biyu ba aiki, shafa mata ɗigon mai. Kada ka bar ta a makewayi inda ke da laima. Ajiye ta a sama, inda hannun yara ba ya kaiwa.

12. Tambayoyi

Kafin ka ɗauki aska gobe, ka amsa waɗannan da bakinka. Wanda ka kasa, koma ka karanta babinsa.

1. Waɗanne abubuwa uku ke jawo yanka?
2. A kan fata, wane gefen aska ke gaba? A kan dutse fa?
3. Minti nawa gashi ke bukata kafin ya jiƙu?
4. Don me ba a jan aska a tsawon bakinta?
5. Me ke kawo ƙurajen aski, yaya kuma za ka guje musu?
6. Don me ba a aron aska?

In ka amsa su duka, shafa kumfa, ka fara da kunci ɗaya. Allah ya ba da sa'a.